Idan Linux ta ƙi hawa netwok: daga ina ake fara laluben matsalar kati?

"Babu intanet" ba cuta ɗaya ba ce. Mutum biyar za su iya faɗin wannan magana a gaban kwamfutoci biyar masu Linux, alhali abin da ke damun kowannensu daban. Na farko kwamfutarsa ba ta ma san tana da katin netwok ba. Na biyu ta ga katin, amma kebul ya tsinke daga ciki. Na uku kati da kebul lafiya, adireshi ne bai samu ba. Na huɗu yana da adireshi amma kwamfutar ba ta san ƙofar fita ba. Na biyar kuwa zai iya kaiwa ko'ina a duniya idan ya rubuta lamba, suna ne kawai ke gagarar sa. A kan allo duk kamanninsu ɗaya: burauza ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta ce shafin bai buɗu ba.

Abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci shi ne saurin taɓa fayilolin saiti. Mutum ya ɗauki wayarsa, ya nemo wani umarni da aka rubuta wa wata Linux daban a wata shekara daban, ya zuba, ya sake kunna kwamfuta. In bai yi ba ya nemo wani. Kafin awa guda ya ƙara sabbin matsaloli uku a kan ta asali, ya kuma manta abin da ya canza. A ganina, rabin aikin gyaran netwok a Linux karatu ne ba rubutu ba, kuma karatun daga ƙasa yake farawa, daga ƙarfen kansa, a yi sama mataki-mataki. Babu amfanin gyaran DNS, tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa lamba, a kwamfutar da kanel ɗinta, wato zuciyar Linux mai magana da ƙarfe, bai ga kati ba.

Shin kanel ya san da katin?

Umarnin farko shi ne `ip -br link`. Zai jero duk hanyoyin sadarwar da kanel ya sani. Idan `lo` kaɗai ka gani, to babu kati a idon kanel, domin `lo` hanya ce ta cikin gida da kwamfuta ke magana da kanta. Wanda ya saba da `ifconfig` kada ya tsorata in an ce masa babu umarnin. Tsohon kaya ne daga kunshin net-tools, kuma manyan rabe-raben Linux sun daina saka shi kai tsaye, Debian tun fitowa ta 9 a 2017. Ga shi kuma `ifconfig` yana ɓoye katin da ke kashe sai an ƙara masa `-a`, abin da ya sa mutane da yawa suka yi zaton katinsu ya mutu alhali barci yake.

In katin bai bayyana ba, sai a tambayi ƙarfen: `lspci -nnk` ga katin da ke jikin babban allon cikin kwamfuta (motherboard), `lsusb` ga wanda ake sokawa ta USB. Abu biyu ake nema. Na ɗaya lambar shaida ta katin, wadda ke zuwa kashi biyu: kamfani da samfuri. A katunan PCI, wato na jikin allo, Intel na da 8086, Realtek na da 10ec, Broadcom na da 14e4. Da wannan lamba ake neman direban da ya dace, wato manhajar da kanel ke sarrafa katin da ita, ba da sunan da ke jikin kwali ba, don kamfanonin da ke haɗa ƙananan katunan Wi-Fi na USB sukan canza guntun da ke ciki su bar sunan kayan yadda yake. Na biyu shi ne layin da ke cewa `Kernel driver in use`. Idan babu wannan layin, an ga kati amma babu direban da ya karɓe shi.

Dalilin da ya fi yawa shi ne kati ya fi kanel ƙuruciya. Misali sananne shi ne Realtek RTL8125B mai gudun gigabit 2.5: Ubuntu 20.04 ta fito da kanel 5.4, shi kuwa direban `r8169` bai koyi wannan guntun ba sai a kanel 5.9. Duk wanda ya sayi sabon allo a lokacin ya ɗora wannan Ubuntu, ya tarar da ramin kebul ba ya motsi. Maganin irin wannan sabon kanel ne, ba gyaran saiti ba. Sai tambaya ta taso: yaya za a sauke kanel babu netwok? A haɗa wayar salula da kebul na USB a kunna raba data. Kusan kowace Linux tana ɗauke da direban wannan tun daga gida.

Akwai kuma inda direba yake nan amma famwaya ce babu, wato ɗan shirin da ake loda wa guntun katin kansa duk lokacin da kwamfuta ta tashi. Katunan Wi-Fi na Intel masu amfani da `iwlwifi` ba sa aiki sai da ita. `dmesg | grep -i firmware` zai nuna sunan fayil ɗin da aka nema a `/lib/firmware` aka rasa, kuma kuskure mai lamba -2 ma'anarsa fayil ɗin ba ya nan. Shekara da shekaru masu ɗora Debian suna fama da wannan, saboda Debian ba ta saka famwayar da ba a buɗe tushenta ba a faifanta na hukuma, sai da Debian 12 ta fito a 2023 aka sauya wannan tsari. Wanda kuma ya gina direba daga waje ta hanyar DKMS, tsarin da ke gina direba don kanel ɗin da ke kan kwamfuta, kamar `wl` na Broadcom ko `r8168` na Realtek, ya tuna cewa Secure Boot, kariyar da ke aiki lokacin tashin kwamfuta, ba ya barin kanel ya loda direban da ba a sa wa hannu ba. Komai zai ginu lafiya ƙalau, amma lodawa ta faskara. Ga Wi-Fi kuma a duba `rfkill list`: `Soft blocked` ana cire shi da umarni, `Hard blocked` kuwa maɓalli ne a jikin laftof ko saiti a BIOS, babu umarnin da zai taɓa shi.

Sunan da ya canza ba a sani ba

A da katin farko `eth0` ne, na biyu `eth1`. Matsalar ita ce wanda kanel ya fara cin karo da shi shi ne ke zama `eth0`, kuma a kwamfuta mai kati biyu suna iya musayar suna daga wannan tashi zuwa wancan. Ka yi tunanin kwamfutar da ke tsaron kamfani, ɓangaren waje ya wayi gari da dokokin ɓangaren ciki. Shi ya sa systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan Linux, a fitowarta ta 197 a farkon 2013, ta kawo sunayen da ake ɗaukowa daga mazaunin kati a jikin allo. A `enp3s0`, `en` na nufin Ethernet, `p3` layin PCI na uku, `s0` gurbi na sifili. `eno1` kati ne da aka gina a jikin allo, `wlp2s0` na Wi-Fi ne, mai farawa da `enx` kuwa lambar MAC, wato lambar shaidar da kowane kati ke zuwa da ita, aka liƙa masa.

An gudu ba a tsira ba. Idan ka ƙara katin hoto ko faifan NVMe, lambobin layin PCI suna iya gocewa, `enp3s0` ya koma `enp4s0`. Fayil ɗin saiti yana nan yana kiran tsohon suna, katin kuma yana zaune babu mai kula da shi. Duk wanda netwok ɗinsa ya ɗauke bayan ya buɗe cikin kwamfuta, ya fara kwatanta sunan da `ip link` ya nuna da wanda ke cikin saiti. Hanya mai ɗorewa ita ce ɗaure saitin da lambar MAC maimakon suna. Ana iya dawo da tsofaffin sunaye da `net.ifnames=0` a layin tashin kanel, kuma a kwamfuta mai kati ɗaya ban ga laifin hakan ba. A mai kati huɗu kam, neman magana ne.

Bayan suna sai kebul. A sakamakon `ip link`, `UP` na nufin an kunna katin ta ɓangaren manhaja kawai. `LOWER_UP` shi ne shaidar cewa akwai wani a ɗaya bakin kebul ɗin yana amsawa. In ka ga `NO-CARRIER`, ka bar allon rubutu ka sunkuya ƙarƙashin tebur. `ethtool enp3s0` zai faɗi gudun da ɓangarorin biyu suka daidaita a kai. Katin gigabit da ya tsaya a 100 yawanci kebul ne: gigabit na buƙatar duka wayoyi takwas da ke ciki, 100 kuwa huɗu sun ishe shi, don haka waya ɗaya tak daga cikin ragowar huɗun in ta tsinke sai haɗin ya sauko ba tare da ya ce uffan ba. Kada kuma kebul ya wuce mita 100.

Wa ke iko da katin?

A nan gizo ke saƙar. Linux ba ta da shugaban netwok guda ɗaya. Akwai ifupdown, tsohon tsarin Debian da ke karanta `/etc/network/interfaces`. Akwai NetworkManager, wanda Red Hat ta fara a 2004, shi ne a kusan kowace kwamfutar tebur da laftof, shi ne kuma a sabobin Red Hat da danginta (saba ita ce kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta netwok). Akwai systemd-networkd mai karanta `/etc/systemd/network`. Sannan Ubuntu, tun fitowar 17.10, ta ɗora Netplan a kansu. Shi Netplan ba ya taɓa kati da kansa. Yana karanta fayil ɗin YAML, wani tsarin rubuta saiti, a `/etc/netplan` ya fassara wa NetworkManager ko networkd, su su aiwatar.

Daga wannan yawa matsaloli iri biyu ke fitowa. Na farko, mutum ya gyara fayil ɗin da babu mai karanta shi. Ya rubuta adireshi tsaf a `/etc/network/interfaces` a sabar Ubuntu ta zamani, ya sake kunnawa, shiru, domin ifupdown ma ba a ɗora shi ba. Ko ya je neman `/etc/sysconfig/network-scripts` a RHEL 9, wato Linux ɗin Red Hat, alhali sabbin saituna sun koma `/etc/NetworkManager/system-connections`. A can ma akwai tarko: fayil ɗin da wani ban da root, babban mai iko da kwamfutar, zai iya karantawa, NetworkManager watsi yake yi da shi, sai an mayar da izininsa 600. Na biyu shi ne shugabanni biyu a kan kati ɗaya, kamar direba biyu a sitiyari guda: wannan ya sa adireshin dindindin, wancan ya nemo na DHCP, tsarin da ke raba adireshi kai tsaye, ya ɗora a kai ko ya goge na farkon. Alamarsa ita ce netwok mai zuwa yana ɗaukewa, ko kati ɗauke da adireshi biyu da ba ka san inda ɗaya ya fito ba.

Saboda haka kafin a buɗe kowane fayil, a tambaya. `nmcli device status` zai nuna ko NetworkManager ya ɗauki katin a matsayin nasa. Kalmar `unmanaged` na nufin ya janye hannu. A Debian haka yake yi wa duk katin da aka ambaci sunansa a `/etc/network/interfaces`, don kada su yi karo da ifupdown. `networkctl` zai ba da irin wannan labari ta ɓangaren networkd. Sai a zaɓi ɗaya a kashe sauran, sannan a karanta abin da wanda aka zaɓa yake faɗa da bakinsa: `journalctl -b -u NetworkManager`. Sau da yawa amsar tana nan a rubuce ɓaro-ɓaro, ba wanda ya leƙa.

Netplan na da nasa halin. YAML ba ya yarda da maɓallin tab wajen tura layi ciki, sai tazarar sarari, kuma sarari ɗaya da ya goce ya isa ya canza ma'anar fayil ɗin ko ya hana shi karantuwa. A sabobin da aka ɗora da cloud-init, manhajar da ke saita saba da kanta lokacin tashi, fayil mai suna `50-cloud-init.yaml` ba naka ba ne. Cloud-init na iya sake rubuta shi, gyaranka ya bi ruwa. Sai an hana cloud-init taɓa netwok daga nasa saitin, ko a rubuta sabon fayil mai lambar da ta fi 50, tunda a jere ake karanta su, na baya ya rinjayi na gaba.

Adireshi, ƙofa, da suna

Idan kati na aiki kuma an san mai shi, `ip addr` ne na gaba. A nan a yi hattara da layin da ya fara da `fe80::`. Wannan adireshin IPv6 ne da kati ke ƙirƙira wa kansa, ba ya nuna cewa an samu komai daga rauta. Haka mai farawa da 169.254: kwamfuta ce ta nemi DHCP ba a amsa mata ba, ta laƙaba wa kanta lamba. Don a ga abin da ke faruwa ido da ido, a buɗe `tcpdump -ni enp3s0 port 67 or port 68` a taga ɗaya, a nemi adireshi a ɗayar. In roƙo na fita babu amsa, laifin yana waje: rauta, suwic, ko ramin suwic da aka sa a wani VLAN, wato wani sashen netwok daban. In amsa na shigowa amma kati bai ɗauki adireshin ba, laifin yana gida.

Masu kwafin kwamfutocin kwaikwayo, waɗanda manhaja ke ƙirƙira a cikin wata kwamfuta, suna da tasu masifar. Ka kwafi saba ɗaya sau uku, ka ba kowace lambar MAC daban, amma duka ukun su tashi da adireshi ɗaya. Dalili shi ne systemd-networkd, a saitinsa na asali, daga `/etc/machine-id` yake samo shaidar da yake miƙa wa sabar DHCP, kuma an kwafi wannan fayil tare da komai. A wurin sabar DHCP, kwamfuta ɗaya ce ke ta dawowa. Sai an sake haifar wa kowace tata lambar.

Ga mai sa adireshi da hannu, kuskuren da ya fi yawa ƙarami ne ƙwarai. `ip addr add 192.168.1.50 dev enp3s0` ba tare da `/24` a ƙarshe ba, kanel zai ɗauka `/32` ake nufi, wato netwok mai mazauni ɗaya. Adireshi ya zauna daram, amma ko rautar da ke gefenka ba za ka kai gare ta ba. Kuma kafin ka ɗauki lamba, `arping -D` zai gaya maka ko wani ya riga ka; biyu a kan adireshi ɗaya kan haifar da ɗaukewar da ba ta da ƙa'ida, wadda ta fi kowace wuyar ganewa.

Saƙonnin kuskuren `ping`, umarnin da ke taɓa wata na'ura ya ji ko za ta amsa, suna da daraja in an saurare su, domin kowanne mataki daban yake nunawa. `Network is unreachable` na nufin kanel bai san ta inda zai aika ba, babu hanya a teburinsa. `ip route` zai nuna babu layin `default via`, mai nuna ƙofar fita. `Destination Host Unreachable` da ya fito daga adireshinka na nufin an san hanya, an yi kira a cikin gida ta ARP, ba a amsa ba. `ip neigh` zai nuna `FAILED` a gaban rautar. `Temporary failure in name resolution` kuwa ba ruwansa da kati ko kaɗan. Tsarin gwajin ke nan: a taɓa rauta, sannan lambar waje kamar 1.1.1.1 ko 8.8.8.8, sannan suna. Inda aka tsaya nan ciwon yake. A kwamfuta mai ƙofa biyu, kebul da Wi-Fi, wadda ke da ƙaramar lambar `metric` ke cin nasara, kuma NetworkManager kan ba kebul 100, Wi-Fi 600. Don haka kebul da aka soka a suwic marar intanet zai iya janye duk zirga-zirga daga Wi-Fi mai lafiya. `ip route get 1.1.1.1` zai faɗi ƙofar da za a bi ba tare da zato ba. Docker, manhajar gudanar da shirye-shirye a keɓe, ma yakan shiga wannan rigima, tunda yana kama 172.17.0.0/16 wa kansa. In netwok ɗin ofis yana cikin wannan zango, fakitin (ƙunshin bayanai) da ya kamata ya fita sai ya faɗa gadar Docker.

In lamba na tafiya suna ba ya tafiya, sai DNS. Mutane sukan buɗe `/etc/resolv.conf` su ga 127.0.0.53 su ɗauka ɓarna ce, su goge su sa tasu. Ba ɓarna ba ce. Wannan systemd-resolved ne yake sauraro a cikin gida, kuma sabobin DNS na gaskiya `resolvectl status` ne ke nuna su, kati-kati. Fayil ɗin a Ubuntu mahaɗi ne kawai zuwa wani da ake sake rubutawa a `/run`, shi ya sa gyaran ke ɓacewa. Wasu kan kulle shi da `chattr +i` don kada a taɓa. Yana aiki yau, amma ranar da aka haɗa VPN mai buƙatar nasa DNS za a sha wuya, kuma lokacin an manta an taɓa kulle wani abu. Wurin saka DNS shi ne saitin wanda ke iko da katin.

Akwai wata matsala da ke tsallake duk waɗannan gwaje-gwaje. `ping` na tafiya, sunaye na fassaruwa, ƙananan shafuka na buɗewa, amma manya su maƙale, ko SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya shiga lafiya ya daskare da zarar an nemi dogon sakamako. Wannan girman fakiti ne. Ethernet na ɗaukar bayit 1500, layin PPPoE na wasu kamfanonin intanet 1492, VPN na WireGuard kan sa 1420. Bisa ƙa'ida, na'urar da fakiti ya fi ƙarfinta a hanya za ta aiko da saƙon ICMP, irin saƙon da `ping` ke amfani da shi, ta ce a rage, amma masu katangar tsaro da yawa suna toshe ICMP gaba ɗaya da sunan kariya, sai saƙon ya ɓace, manyan fakitoci su yi ta faɗawa rami. Gwajin shi ne `ping -M do -s 1472 1.1.1.1`, domin 1472 da 8 na ICMP da 20 na IP su ne 1500 cif. In ya ƙi, a yi ta ragewa har ya wuce, a ƙara 28 a kan lambar da ta wuce, a sa wa katin a matsayin MTU, wato iyakar girman fakiti. Katangar tsaron kwamfutar kanta kuwa, `nft list ruleset` zai baje dokokinta, ko da ufw ko firewalld aka rubuta su, in dai nftables ne a ƙarƙashi.

Duk abin da aka yi da umarnin `ip` a ƙwaƙwalwar kanel yake zaune, yana tafiya da zarar an sake kunna kwamfuta. Wannan alheri ne wajen gwaji: ka sa adireshi da hanya da hannu, in netwok ya tashi ka tabbatar kati da direba da kebul lafiyarsu ƙalau, saura fayil ɗin saiti. Amma gyara bai kammala ba sai an rubuta shi inda mai iko da katin zai karanta, an sake kunnawa, an ga ya dawo da kansa. Wanda ke wannan aiki daga nesa ta SSH, ta kan katin da yake gyarawa, kuskure ɗaya zai rufe masa ƙofa. A Ubuntu `netplan try` na aiwatar da sabon saiti ya jira daƙiƙa 120. In ba a tabbatar ba ya mayar da tsohon. Inda babu Netplan, sai a ajiye kwafin tsohon fayil, a tsara da `at`, umarnin da ke ajiye aiki zuwa wani lokaci, cewa bayan minti biyar a mayar da shi a sake tayar da netwok, sannan a aiwatar da canjin. In haɗin ya tsira, a soke umarnin da `atrm`.